Hali Jarin Baƙo: Darussan Cin Nasara Daga Unguwar Asata

1.0 Gabatarwa

A duk shekara jami'o'in ƙasar nan suna yaye dubban ɗalibai, kowanne da takardar shaidarsa a hannu da kuma dogon buri a zuci. Sai dai sanin kowa ne cewa guraben aiki ba su kai yawan masu nema ba, kuma ko wanda ya yi dace ya samu, ba lalle ne ya ɗore a kai ba. Wannan ya sa tambayar da ta fi damun ɗalibin da ke ajin ƙarshe ita ce: bayan digiri, me kuma mutum yake buƙata domin ya tsaya da ƙafafunsa?

Wannan maƙala za ta nemi amsar tambayar a wani wuri da ba kasafai ɗaliban Hausa suke waiwayarsa ba, wato zangunan Hausawa da ke Inugu da Anacha da Fatakwal, musamman unguwar Asata ta Inugu. Dalilin zaɓen wurin shi ne, mutumin da ya sauka a garin da ba shi da gona, ba shi da gidan gado, kuma ba ya jin harshen mutanen garin, in har ya yi arziki, to halayensa ne suka kai shi. Ɗalibin da ya gama jami'a shi ma baƙo ne a duniyar aiki, don haka yana da abin koyo a nan.

2.0 Asata da Takwarorinta a Taƙaice

Inugu gari ne da kwal ya kafa. An gano kwal a tsaunukan Udi a shekarar 1909, aka fara haƙarsa a 1915, sannan a 1916 aka gama shimfiɗa layin dogo daga nan zuwa Fatakwal domin fitar da shi ta teku. Daga baya layin ya miƙe zuwa arewa, kuma buɗe gadar Makurɗi a kan kogin Binuwai a 1932 ya ƙara sauƙaƙa zirga-zirga. Duk inda ma'aikata suka taru akwai buƙatar nama da hatsi, saboda haka fataken Hausawa suka bi sahu da shanu da awaki da wake da albasa da busasshen kifi, suna komawa gida da manja da sauran kayan kudu. Ita kuwa Anacha, da yake a bakin kogin Kwara take, ta daɗe tana karɓar fatake ta hanyar ruwa tun kafin a gama gadarta a 1965.

A Inugu, Asata na daga cikin tsofaffin unguwannin da Hausawa suka zauna. A titin Owerri da ke unguwar akwai masallaci, kuma an san wurin da 'yan canjin kuɗi. Kamar yadda yake a sauran zanguna, akwai Sarkin Hausawa wanda yake sasanta tsakanin jama'arsa, yake kuma magana da hukuma a madadinsu.

3.0 Halayen da Suke Riƙe da Baƙo

A 1974 A.H.M. Kirk-Greene ya fitar da nazarinsa a kan mutumin kirki a idon Bahaushe, inda ya lissafa halaye goma: gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Da yawa daga cikinmu mun haddace su ne domin jarrabawa. A zango kuwa ana auna su da kuɗi kowace rana, kamar yadda za mu gani.

3.1 Riƙon Amana

Wani masani mai suna Abner Cohen ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya kuma wallafa shi a 1969. Abin da ya bayyana game da cinikin shanu ya shafi zangunan kudu da dama. Falke zai kawo shanunsa daga arewa ya sauka a gidan fatoma, wato maigidan da ke ba shi masauki. Dillalan maigidan su ne za su sayar wa mahauta shanun, galibi bashi, sai bayan 'yan makonni a biya. Falken bai san mahautan ba, ba a rubuta takarda ba, ba a kuma kira lauya ba. Abin da ya dogara da shi kawai shi ne maigidan ya tsaya masa, idan mahauci ya gudu da kuɗi, shi zai biya daga aljihunsa.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Me ya hana maigidan cinye dukiyar baƙonsa? Bayan tsoron Allah, akwai lissafi. Ranar da ya ci amanar falke ɗaya, labari zai kai kasuwannin arewa kafin shi, daga nan kuma babu mai sake sauka a gidansa. Ribar ha'inci ta yini ɗaya ce, asararsa kuwa ta tsawon rai. Shi ya sa masu iya magana suka ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Haka abin yake ga ɗan canji: yana iya karɓar kuɗi a Asata a biya wani a Kano a ranar, da kalmar baki kawai ta waya, domin an gwada shi an ga ba ya saɓawa.

Shi ma ɗalibi tun yanzu yake gina irin wannan suna. Wanda aka ba shi ajiyar kuɗin ƙungiya ya kawo lissafi daidai, wanda ya ari littafi ya mayar a ranar da ya faɗa, wanda ya rubuta kundin digirinsa da guminsa bai kwafe na wani ba, duk abokan karatunsa da malamansa suna gani. Gobe su ne za a tambaya, "Wa ka sani da za mu iya ba wannan aiki?"

3.2 Koyon Harshe da Sanin Mutane

An ce baƙo ko da ido makaho ne. Abin da ke buɗe masa idon shi ne harshe. Mai sayar da albasa a kasuwar Ogbete da ya iya gaisuwa da ƙirga da taya ciniki da harshen Ibo, ya fi ɗan'uwansa da sai an yi masa tafinta samun masu saye, ya kuma fi shi saurin gane inda rigima take shirin tashi.

Babban misali a nan shi ne Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato wanda fataucin shanu ya kai shi Inugu. Bai killace kansa a cikin zango ba. Ya shiga jam'iyyar NCNC ta Dakta Nnamdi Azikiwe, ya jagoranci reshen matasanta na garin, kuma da aka ɗaga darajar majalisar Inugu a 1956, shi ne ya zama magajin garin na farko. Jama'ar da mafi yawansu Ibo ne suka amince wa baƙo ya shugabance su, domin ya zauna da su, ya san damuwarsu. Shi kansa Azikiwe a Zungeru aka haife shi a 1904, ya kuma tashi yana jin Hausa, daga baya ya ƙara da Yarbanci a kan harshen iyayensa.

Mu da muka koyi Hausa a matsayin harshe na biyu mun san yadda fuskar dattijo take sakewa idan aka gaishe shi da harshensa. To, kada mu tsaya a kan Hausa da Ingilishi. Tun da aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973 ake tura matasa jihohin da ba nasu ba. Wanda aka tura Inugu ko Anambara ko Ribas ya shafe shekara guda bai koyi ko gaisuwa ba, ya yi asarar abin da ya fi alawus ɗinsa daraja. Bugu da ƙari, aikin fassara da jarida da koyarwa, waɗanda su ne yawancinmu muke hange, duk sun fi son mai harsuna da yawa.

3.3 Haƙurin Koyo a Ƙarƙashin Wani

Babu wanda ya sauka daga mota ya zama dillali a ranar. Yaro yakan fara ne da kora dabbobi da ba su ruwa da zuwa aike. A hankali yake koyon yadda ake duban sa a ƙiyasta namansa, da yadda ake gane mai saye na gaskiya da mai tayin wasa. Sai maigida ya gamsu da shi sannan ya bar shi ya yi ciniki ya karɓi la'ada.

Maƙwabtansu Ibo suna da irin wannan tsari da suke kira igba boi, wanda ya shahara a kasuwannin Anacha. Yaro zai yi wa maigidansa hidima na wasu shekaru, sau da yawa biyar zuwa bakwai, yana koyon sirrin kasuwa, daga ƙarshe a sallame shi da jari ya buɗe nasa shagon. Al'ummu biyu da suka bambanta a harshe da addini sun haɗu a kan ra'ayi ɗaya, cewa sai an bauta kafin a mallaka.

Matsalar da yawa daga cikin masu digiri ita ce raina ƙaramin mafari. Ana kiran mutum ya taya gyaran rubutu a gidan rediyo ko ya koyar a makarantar firamare, sai ya ce ya wuce nan, ya koma gida yana jiran ofis mai na'urar sanyaya ɗaki. Alhali a irin wannan ƙaramin wuri ne ake sanin aiki, ake kuma sanin mutum. Matambayi ba ya ɓata, amma sai wanda ya yarda bai sani ba yake tambaya.

3.4 Tattali da Lissafi

Ɗan kasuwar zango yana ciyar da gida biyu, na inda yake da na garinsu, ga kuɗin mota da na haya da haraji a kan hanya. Idan bai raba uwar kuɗi da riba ba, wata uku ya yi yawa jarin ya narke. Saboda haka za ka ga mai juya dubban ɗaruruwa yana zaune a kan benci, yana shiga adashi, yana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita kafin ya kwanta.

Wannan ɗabi'a tsohuwa ce a fataucin Hausawa. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, da fataucin goro tsakanin Gwanja da Kano ya fara kafin ya shiga sayen gyaɗa. An san shi da sauƙin rayuwa da bin diddigin lissafinsa, kuma da aka buɗe reshen banki a Kano a 1929, kuɗin azurfar da ya kai ajiya kayan raƙuma 20 ne. Da yayyafi kogi kan cika. Ɗalibin da ya kasa rubuta yadda ya kashe kuɗin da aka aiko masa na wata, da wuya ya iya riƙe albashi, balle asusun ma'aikata. Lokaci ma haka yake, wanda ya saba zuwa lacca a makare zai je wurin ganawar neman aiki a makare.

3.5 Juriya da Zaman Lafiya

Kada a ɗauka cewa hali na gari yana kare mutum daga kowace masifa. Rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970 sun raba dubban mutane da gidajensu da dukiyoyinsu, 'yan kudu a arewa da 'yan arewa a gabas. Haka kuma tarzomar watan Fabrairun 2006 a Anacha ta ci rayuka da dukiya. Duk da haka, bayan ƙura ta lafa zangunan sun sake cika, ciniki ya ci gaba. Wanda ya dawo ba shi da ko anini yana iya samun kaya bashi ya sake farawa, matuƙar an san shi da biya. Wuta tana cin rumfa, amma ba ta cin sunan da mutum ya yi.

4.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala an yi ƙoƙarin nuna cewa abin da ya riƙe Bahaushe a Asata da Anacha da Fatakwal shi ne amana da harshe da haƙurin koyo da tattali da juriya. Babu ɗaya daga cikinsu da ake sayensa da kuɗi, babu kuma wanda ake samu a dare ɗaya. Digiri yana iya kai mutum bakin ƙofa, amma waɗannan halaye ne suke sa a ce masa ya zauna. Shawara ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce, kowa ya zaɓi ɗaya daga cikinsu ya fara aiki da shi a wannan zangon karatu, ko da cika alƙawari ne ko rubuta kuɗin da ya kashe kullum, domin Hausawa sun ce hali zanen dutse ne, kuma tun da ƙuruciya ake zana shi. Allah ya sa mu dace.