Me Ya Sa Malaman Addini Ke Adawa Da Auren Jinsi?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga Malam Isuhu, mazaunin Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Yana so ya san dalilin da ya sa malaman addini ke adawa da dokar halatta auren jinsi ɗaya.

To, Malam Isuhu, hujja ta farko ta nassi ce. Malaman Musulunci da galibin majami'un Kirista suna kafa hujja da ƙissar mutanen Annabi Luɗu. A wurinsu, aure haɗin namiji da mace ne, tushen zuri'a da gado.

Hujja ta biyu kuwa ta 'yancin imani ce, wato fargabar kada doka ta tilasta wa mai addini abin da zuciyarsa ta ƙi. A 2015, bayan Kotun Ƙolin Amurka ta halatta auren jinsi, wata ma'aikaciyar rajista a jihar Kentoki, Kim Davis, ta ƙi ba da takardun aure. Alƙali ya sa aka tsare ta kwana biyar.

A ƙarshen 2023 Fadar Batikan ta yarda limamai su sa wa masoya 'yan jinsi ɗaya albarka, ba ɗaurin aure ba. Duk da haka galibin bishop-bishop na Afirka suka ce sam.

Masu goyon bayan dokar kuwa suna cewa auren kotu daban, na coci ko masallaci daban. Cocin Suwidin ma yana ɗaura auren jinsi tun 2009. A Najeriya kuwa, dokar 2014 ta haramta auren jinsi, da hukuncin ɗaurin shekara 14.