Yadda Za Ka Jera Kod Biyu Kafaɗa da Kafaɗa a Takarda

Mai koyar da shirin kwamfuta, ko ɗalibin da ke rubuta aikinsa na kammala karatu, yakan so ya nuna kod biyu a jere: tsohon da ke da kuskure a hagu, gyararren a dama. A allon kwamfuta abin yana fita tsaf. Da an mayar da shi PDF ko Word kuwa, sai layuka su karye, wannan ya hau kan wancan.

Matsalar daga faɗin takarda take. A4 faɗinta santimita 21 ne. Cire gefe biyu na santimita 2.5 kowanne, saura 16, wato kowane ɓangare ya samu 8. Da haruffan Courier New masu girman 10, haruffa 37 kacal ne za su shiga wannan wuri, alhali ƙa'idar PEP 8 ta Python ta yarda layi ya kai 79. To ina za a sa ragowar? Ko dai ka gajarta layukan da hannunka kafin ka fitar da takardar, ko ka juya shafin a kwance, inda kowane ɓangare zai ɗauki sama da haruffa 55. Ni na fi son gajartawa, domin a Python tazarar farkon layi ma'ana ce da kanta. Idan manhaja ta karya layin inda ta ga dama, mai karatu zai kwafi abin da ba zai yi aiki ba.

Wajen jerawa, kada ka yi ta danna tazara har su daidaita. Yi tebur mai gida biyu a Word, ka ɓoye layukansa, ka kuma kashe gyaran da ke lanƙwasa alamar zance, don yana ɓata kod. Mai LaTeX ya sa minipage biyu, kowanne ƙasa kaɗan da rabin faɗin rubutu. Mai Markdown ya sani cewa teburin GitHub ba ya ɗaukar kod mai layuka da yawa, amma teburin grid na Pandoc yana ɗauka.

Hoton allo kuma a guje shi, ba a iya kwafar komai daga ciki.

Kafin ka miƙa takardar, ɗan'uwa, buɗe PDF ɗin, ka kwafi kod ɗin daga ciki, ka gwada shi ka ga ko yana aiki.