Darasi: Awon Damtsen Yaro

Ya ku ɗalibai da iyaye, ku sani magidanci yakan ɓoye talauci saboda kunya, amma jikin yaro yana nuna shi. Don haka ne ma'aikatan lafiya suke auna kaurin damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 da tef mai launi uku. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, wato tamowa mai tsanani, a kai shi asibiti ranar nan. Daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya ne, a ƙara masa kunun gyaɗa, wake da ƙwai. Sama da haka kore ne, alhamdu lillahi. Ku fi sa ido da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wanda Allah Ya hore wa, ya leƙa maƙwabcinsa tun kafin ya roƙa. Allah Ya raya mana zuri'a, amin.