Yadda A Ke Sanin Tafiyar Tauraro

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar jirgin ƙasa ya san abin nan. Sa'anda jirgi ya ke zuwa yana busa, muryarsa siririya ce. Da ya wuce sai ta yi kauri, alhali direba bai sake busa ba. Dalili kuwa, amo yana tafiya kamar raƙuman ruwa. In mai busa yana matsowa, raƙuman su kan matsu da juna. In yana nisa, su kan miƙe. Wani malami mutumin Ostiriya, Christian Doppler, ya bayyana wannan a 1842. A 1845 aka gwada a Holan, aka ɗora masu busa ƙaho bisa jirgin ƙasa, waɗansu suna saurare a gefen hanya. Maganarsa ta tabbata.

Haske ma haka ya ke. In ya bi ta cikin gilashi mai kusurwa uku, ya kan rabu kamar bakan gizo, ja a wannan gefe, shuɗi a wancan. Abin da ke matsowa, haskensa ya kan gusa wajen shuɗi; mai nisa kuwa, wajen ja. Doppler ya yi tsammani daga nan ne launin taurari ya fito. A nan ya yi kuskure, gama gusawar ƙanƙanuwa ce, ido ba ya kama ta.

To, ƙaƙa a ke auna ta? Cikin bakan nan na tauraro akwai baƙaƙen layuka sirara. Kowane sinadari, kamar ƙarfe, yana da nasa layuka a wurarensu, kamar yadda mu kan gane asalin mutum ta zanen fuskarsa. Masana sun san mazaunin layukan nan tun a ɗakin gwaji. In suka iske dukansu sun gusa tare, ashe tauraron tafiya ya ke yi.

A 1912, a Amurka, Vesto Slipher ya auna babban tarin taurari da a ke kira Andromeda, ya iske yana nufo mu da gudun wajen kilomita 300 a sakan ɗaya. Haske yana cin kilomita 300,000 a sakan, watau layukan sun gusa kashi ɗaya cikin dubu kaɗai. Sauran tarin da ya auna daga baya, yawancinsu wajen ja suka gusa, suna nisa da mu.

Amma mu lura, awon nan zuwa da komawa kaɗai ya ke nunawa. Tauraron da ke ratsawa ta gefe, sai a jira shekaru ana duban mazauninsa a sama.