Bayan An Tashi Daga Zaman Makoki: Yadda Za Ka Riƙa Tunawa Da Mahaifinka

Ranar da aka naɗe tabarmin zaman makoki, baƙi suka koma garuruwansu, ranar ce aikin 'ya'ya yake farawa. Mutumin da ya shekara arba'in yana sammako, daga masallaci sai gona ko kasuwa, don kada gidansa ya kwana ba a ɗora tukunya ba, ya cancanci abin da ya wuce hoton da ake sawa a Facebook sau ɗaya a shekara. Ga shawarata ga duk wanda ya rasa uba irin wannan.

Ka fara da bashi. Ayoyin gado na Suratun Nisa'i sun gabatar da biyan bashi da cika wasiyya kafin rabo, Sunna kuma ta iyakance wasiyya ga sulusin dukiya. Dattawanmu da yawa ba sa rubuta mu'amalarsu, a ka suke riƙe ta. Don haka ka taka da ƙafarka zuwa rumfarsa, ka tambayi maƙwabtansa na kasuwa, da mai ba shi taki, da abokan adashensa. Ka buɗe akwatinsa ko akwai ajiyar wani. In an gama da wannan, a kira malamin da ya san ilimin gado, ko a je gaban alƙali, kowa ya karɓi nasa. Gadon da aka bari shekara goma ba a raba ba, shi yake raba kan 'yan uba.

Sai mutanen da ya bari. Mahaifiyarka da abokan zamanta za su yi takaba wata huɗu da kwana goma. A lokacin ne za su gane ko gidan yana da magaji. Cefane, kuɗin makarantar ƙanne, maganin tsofaffi, ku zauna ku rarraba su gwargwadon ƙarfin kowa. Kada ka bambanta ɗakin mahaifiyarka da na kishiyarta, domin duk iyalinsa ne.

Kada zumuncinsa ya mutu tare da shi. Imam Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya haɗu da wani baƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa, saboda kawai mahaifin mutumin aminin Sayyidina Umar ne. Ka rubuta sunayen baffanni da gwaggonni da aminan mahaifinka. Duk wanda yake kai wa goron Sallah ko buhun gero da kaka, ka ci gaba da kai masa. Zumunta a ƙafa take, kiran waya ba ya wadatarwa.

Ka kafa masa sadaka mai gudana daidai ƙarfinka. Sa'adu ɗan Ubada rijiya ya haƙa wa mahaifiyarsa bayan rasuwarta. Mai hali ya haƙa burtsatse, amma ya ware kuɗin gyara, don famfon da ya lalace ladansa ya tsaya. Marar hali ya ajiye randa a ƙofar gida, ko ya sai wa masallacin unguwa butoci, ko ya dasa darbejiya a bakin hanya, ko ya ɗauke wa wani almajiri kuɗin Laraba. Ƙaramin abu mai ɗorewa ya fi babban taro na yini guda.

Ka adana tarihinsa tun masu saninsa suna raye. Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, kuma da yawa daga abin da muka sani game da mahaifinsa Shehu Usmanu daga nan muka samo shi. Kai ba sai ka wallafa littafi ba. Ka zauna da gwaggon da ta fi kowa tsufa, ka kunna rikoda a wayarka, ka tambaye ta: a ina aka haife shi? Wa ya koya masa karatu? Da wane jari ya fara sana'a? Wace shekara ce ta fi ba shi wuya, kuma yaya ya fita? Ka tura wa 'yan uwa muryar don kada ta ɓace da waya ɗaya. Allonsa da Alƙur'aninsa da takardun filayensa kuwa, a ba mai amana ya ajiye. Da dare ka ba jikokinsa waɗannan labarai.

Daga ƙarshe, ka zaɓi halinsa guda ka riƙe: sahun farko da asuba, ko cika mudu, ko sulhu tsakanin maƙwabta. Kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma gadon hali ba ya ƙarewa don an raba shi. Ka haɗa da addu'a bayan kowace salla, domin addu'ar ɗa nagari tana cikin abubuwa uku da ba sa yankewa bayan mutuwa.

Wanda kuma nasa mahaifin yake raye, ya tashi ya je ya gaishe shi yau, ya zauna ya saurare shi. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, ya ƙara wa na raye lafiya.