An auna ni, an ce ba ni da komi

Akwai maganar da ake yawan ji a bakin gidan likita: "An auna ni, an ce ba ni da komi, amma ni na san ba ni da lafiya." Mai wannan magana ya zo da faɗuwar gaba, da ciwon kai, da kasala. Majo ya soki yatsarsa ya duba zazzaɓin cizon sauro, babu. Ya auna hawan jini, daidai. Wani ma daga Tagiris har asibitin Dakoro ya kai, an ɗebi jini, an ce lafiya lau. Ya koma gida da takarda a hannu, tsoro kuwa yana nan.

To, mine ne ke damunsa? Ba ƙarya yake yi ba, kuma ba ragwanci ba ne. In mutum ya tsorata, jikinsa yana sakin wani sinadari cikin jini. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya yi sama-sama, zufa ta karyo, ciki ya murɗa. Haka jiki ke yi in mutum ya taka maciji. Amma mai zullumin ciwo, macijinsa cikin tunani yake. Ya ji zuciyarsa ta buga, sai ya ce mutuwa ce ta zo. Tsoron ya ƙara bugun, bugun ya ƙara tsoron. Awon jini ba ya nuna wannan.

Wani lokaci abin ya fi tsoro zurfi. Likitoci na kiransa ciwon damuwa. Mutum ya yi sati 2 ko fiye cikin baƙin ciki, kusan kullum. Abin da yake so da, kamar hira ko kasuwa ko duba dabbobinsa, duk ya fita ransa. Barci ya ƙi, ko ya farka tun kafin asuba. Tuwo ba ya shiga. Yana ganin kansa ba shi da amfani. Hukumar lafiya ta duniya, watau OMS, ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 280 ne ke da wannan ciwo a 2019, kuma mata sun fi maza yawa.

A ƙasar Dakoro ba sai an nemi dalili da nisa ba. Wanda ya ga yunwar 2005, ko ya ga shanunsa na faɗuwa a 2010, ya san nauyin tunani. Haka macen da mijinta ya tafi bida Libiya, shekara ta zagayo ba labari. Mai jego ma yana kama ta. Wani kuwa ba dalilin da za a nuna, ciwon ya zo ne kawai.

A koma wajen majo, amma wannan karon a faɗa masa duka. Ban da ciwon kai, a ce masa ba a barci, ana kuka, ana tsoron mutuwa. In abin ya fi ƙarfinsa, zai tura mutum Dakoro ko babban asibitin Maraɗi. Akwai magani. Sai dai ba ya aiki rana ɗaya, yakan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi, kuma ba a barinsa sai lokotoro ya ce. Ƙwayoyin masu talla a kasuwa, balle tramol, ƙara ɓata lamarin suke, su cinye kuɗin hatsi. Addu'a tana kwantar da rai, kuma ba ta hana zuwa likita. In wani sabon abu ya fito, kamar rama, ko tari da jini, ko zazzaɓi, a sake awo.

Ƴan uwa, in kun ji mutum yana cewa gara ya mutu ya huta, kada ku ce wasa ne. Ku zauna da shi, kada a bar shi shi kaɗai. Ku ɗauke maganin ƙwari da igiya daga ɗakinsa, ku kai shi likita ran nan, ko da bisa amalanke ne.