Wasiƙa Zuwa Ga Samarin Karkara Masu Gwabzawa da Juna a Wasannin Intanet

Daga kawunku, tsohon malamin makaranta, zuwa ga samarin Dambatta da Makoɗa da Bichi da Kunci da Tsanyawa, da na ƙauyukan da ke kewaye da su.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne al'amarin wasannin yaƙi na wayar salula, waɗanda suka zama abin hirarku a bakin shagunan caji da gindin bishiyoyin ƙofar gida, musamman PUBG, wanda ya shigo waya a 2018, da Free Fire na kamfanin Garena da ke Singafo, wanda ya riga shi da 'yan watanni. Hukuncin halacci ko haramci ba nawa ba ne, na malamai ne, kuma an ji majalisar malaman lardin Aceh ta Indunusiya ta haramta PUBG a 2019, wasu malaman kuwa suka rataya hukuncin a kan abin da wasan ya jawo wa mai yinsa. Ni dai nasihata ga wanda ya riga ya shiga ce, domin na lura yawancinku kun iya riƙe waya, amma ba ku san abin da ya sauya ba ranar da kuka bar faɗa da na'ura kuka fara faɗa da ɗan Adam.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon caji bayan isha'i ya san wannan yaro. Yana zaune a ƙarshen benci, wayarsa na maƙale da allon soket mai baki ashirin, janareta na ruri a bayan shago, ƙannensa biyu sun ɗora masa haɓa a kafaɗa. A makonsa na farko yana kashe goma sha, yana tashi tsaye yana kirari. A mako na uku kuwa da ƙyar yake sauka daga jirgin da ke zubo 'yan wasa kafin a kwantar da shi, sai ka ji yana cewa sabis ne ya ci amanarsa, ko kuwa wancan ɗan maguɗi ne. Ku sani, 'ya'yana, waɗanda ya karkashe da fari akasarinsu ba mutane ba ne, 'yan tsana ne da masu wasan suke cusawa cikin fagen sabon shiga, masu tafiya a fili ba tare da neman mafaka ba, masu harbin iska, don ya ɗanɗani nasara ya ƙi tafiya. Da darajarsa ta hau sai a janye su sannu a hankali, a haɗa shi da mutane irinsa. Abin da ya ɗauka koma-baya, a haƙiƙa ranar ce ya fara wasan, kuma ujubun da makon farko ya dasa masa shi ne abokin gabarsa na fari.

Na'ura tana da ɗabi'a guda, wadda idan ka haddace ta ka gama da ita har abada. Amma mutum yana da makirci, yana da haƙuri, yana karantarka kamar yadda kake karantarsa, yana iya yin kamar ya gudu alhali tarko ya ɗana, kuma dabarar da ta ci shi jiya ita zai jira ka da ita yau. Wannan tsohuwar matsala ce, ta girmi yawancinku. A 1997 aka buɗe wani wasa a Amurka mai suna Ultima Online, inda dubban mutane ke zama a duniya ɗaya, wannan maƙeri, wancan maharbi, wani mai saran itace, kuma an bar kowa da ikon far wa kowa da zarar an fita bayan gari. Tun ana gwajinsa, a watan Agusta na shekarar, wani ɗan wasa ya kashe sarkin ƙasar kansa, wato surar da maƙirƙirin wasan, Richard Garriott, yake shiga da ita, yana tsakiyar jawabi ga jama'a, sabili da an manta ba a mayar masa da kariyarsa ba. Daga bisani 'yan fashi suka tare hanyoyi suna tuɓe sababbin shiga, har dole ta sa a 2000 aka raba duniyar biyu, ɗaya ba a taɓa mutum sai da yardarsa, ɗaya kuwa kowa tasa ta fisshe shi. Jama'a kuma suka ɗunguma zuwa ta farkon. To, in ɗayanku ya ji ba ya son fagen gwabzawa, ya fi son gini da fatauci da farautar dodanni tare da abokai, kada ya bari a kira shi rago, gama mutane da yawa sun zaɓi haka kafinsa.

Wanda ya zaɓi fagen kuwa, ai a ƙasarmu ba a rasa inda za a koyi ladabinsa ba. Iyayenku sun ga yadda 'yan dambe ke zaga garuruwa da kaka bayan an kai amfani gida, kuma sun san ba a sa yaro ya naɗe hannu ya tari gwani irin Shago ranar da ya fara. Da sa'o'insa yake somawa, ya daɗe yana kallo daga gefe, ya sha ƙasa sau da yawa, in an kashe shi ya tashi ya kaɗe jiki, a turmi na gaba ya gyara tsayuwa. Mutanen da suka gwabza da yamma su ne ke cin tuwo a akushi ɗaya da dare. Ban ga dalilin da zai sa jikokinsu su kasa wannan ba, alhali su ko ƙwarzane ba sa samu.

Sai abin da ya shafi dabara, kuma a nan zan ɗan tsawaita, ko da za ku yi mamakin inda tsoho ya samo ta. Mai zama kusa da shagon caji yana jin karatu ko bai biya kuɗin makaranta ba. Akwai wata 'yar lamba a kusurwar fuskar waya wadda ke nuna tsawon lokacin da saƙonka ke ɗauka ya je uwar na'ura ya dawo, ana ƙirga ta da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Uwar na'urar tana wata ƙasa mai nisa, kai kuwa kana ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Idan lambarka ta kai 200 ta abokin karawarka tana 40, to a duk arangamar gaba da gaba hannunsa zai riga naka, ko da ka fi shi zafin nama. Mai hankali ba ya zagin abin da ba shi da iko a kansa, sai ya sauya salon yaƙi. A fagen PUBG mutum ɗari ake zubawa a tsibiri, a Free Fire hamsin, da'irar da ake iya rayuwa a cikinta kuma tana tsukewa. Saboda haka kada ka dira inda taro ya dira, ka sauka gefe, ka tattara kaya a tsanake, ka riga da'ira isa, ka sami bango ko dutse, ka bar masu gaggawa su rage maka juna. Ka sa abin sauraro a kunne, domin takun sawu yana zuwa kafin mai shi. In an kashe ka, kada ka yi wuf ka fice cikin fushi. Tsaya ka kalli sauran faɗan ta idon abokin tafiyarka, ka ga ta ina aka ɓullo muku, gama darasin da ke cikin wannan minti biyu ya fi na nasara goma a kan 'yan tsana. Waɗanda kuma suka leƙa wasanni irin su Albion Online, wanda ya zo waya a 2021, sun san ƙasarsa launi-launi ce: a shuɗiya ba mai taɓa ka, a rawaya a kayar da kai ba a kwashe kayanka, a ja da baƙa kuwa wanda ya kashe ka shi ne magajinka. Ka bi su daki-daki, kada ka fita da kayan da rashinsu zai hana ka barci, kada kuma ka fita kai kaɗai. Tawagar da ke da mai tare gaba da mai jinyar raunuka ta fi tarin jarumai da kowa ke neman suna.

Amma mafi nauyin abin da ya sauya shi ne haƙƙi. Na'ura ba ta da mutunci da za ka keta, mutumin da ke ɗaya gefen kuwa yana da uwa da uba, ko yana Alƙahira ko yana Legas ko yana bayan katangarku, kuma mala'iku ba sa ajiye alƙalami don an ce wasa ne. Na ji yaran da ba sa iya ɗaga ido gaban yayyensu suna ɗura wa baƙo ashar ta makirufo, har da ambaton ƙabilarsa, suna ganin nisa ya suturta su. Haka nan manhajar maguɗi da ke nuna maka mutum ta bayan bango ha'inci ce tsantsa, ba ta da bambanci da tauye mudu a wajen shari'a ta zuciya, sau da yawa kuma ita ce ƙofar da ɓarayi ke bi su sace asusun mai ita. Batun kuɗi kuwa ku yi hattara ƙwarai. Tufafin ado da ake saya da lu'ulu'un wasa ba sa ƙara wa harsashi ƙarfi, israfi ne kawai ga wanda kuɗin datarsa daga kwanon waken gayaunarsa ya fito. Akwatunan sa'a da ake biya a buɗe ba a san abin da ke ciki ba, hukumar Beljiyam ta ɗauki irinsu caca tun 2018. Sa kuɗi tsakaninku a kan wanda zai ci kuwa ba ya bukatar dogon bahasi, Suratul Ma'ida ta gama magana a kansa.

Saura lokaci. Wasan da kake yi da na'ura kana iya tsayar da shi in mahaifiyarka ta kira, amma faɗa da mutane ba a dakatar da shi, kuma in kun shiga ku huɗu, ficewarka saɓa alkawari ne ga mutum uku. Zagaye guda na PUBG yana iya cin rabin sa'a. Ashe ke nan wanda ya danna shiga saura minti goma a kira magariba ya riga ya zaɓi ɗayan biyu, ko ya yashe abokansa ko ya yashe jam'i, kuma tun kafin ya danna ya kamata ya yi wannan hisabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da wasannin nan cikin jerin cututtuka a 2019, alamar da ta bayar kuwa ita ce mutum ya kasa tsayawa, ya fifita wasa a kan sauran lamuransa, ya ci gaba ko da yana ganin ɓarnar. A wajenmu ba sai an je asibiti ba, kunya ce ke nunawa: wanda ya raba dare yana neman fansa, da safe za a ga layinsa a gandu ya karkace, ƙaninsa ya ba shi rata. Shawarata ita ce daga saukar ruwan shuka har a gama maimai ku ajiye gasar neman daraja, ku bar ta sai rani. Ku huɗun kuma ku yi yarjejeniya tun da rana a kan adadin zagayen da za ku yi bayan isha'i, wanda aka ci a na ƙarshe ya haƙura da fansarsa sai gobe.

Ku gaishe mini da iyayenku da malamanku. Haza wassalam.